Ta'aziyyar da Na Kai wa Rosa Bayan Shekara Ashirin

Na sa Zainabu ta zauna da na'urarta ta rubuta wannan yadda na faɗa, kuma na gaya mata in ta gyara mini magana zan gane, don sai ta karanta mini shi daga farko har ƙarshe. Dalili kuwa, na gaji da jin labarina yana karkacewa a bakinku. Duk sallah sai wani ya ce, "Kun tuna ranar da Kaka ta ɓata ta faɗa cikin zanga-zanga?" ku yi ta dariya har da dukan cinya. Ban hana ku dariya ba, ni ma na yi tawa. Amma ban ɓata ba. Kuskure ɗaya na yi, shi ne na farko. Na biyun, da idona biyu na tafi, kuma na san abin da na ɗora a kan faranti.

Na zo Greensboro daga Tasawa a shekarar da aka haifi Zainabu, don uwarku Hadiza ba ta da uwa a raye da za ta yi mata wankan jego. Muna haya a wani gida mai ɗaki uku a gabashin gari, bayan jami'a. Ubanku, wanda kun san ba na kama sunansa tunda ɗan fari ne, yana tuƙin tasi daga safe har yamma. Uwarku da ta gama arba'in ta koma aikinta na gidan kula da tsofaffi. Sai ni da jaririya da taga. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba na jin Turanci, talabijin kuwa surutu kawai take mini, don haka titi na sa wa ido. Cikin wata biyu na san motar kowa, na san wanda ke fitar da shara a kan lokaci da wanda matarsa ke fitar masa. Abin da ban gani ba shi ne mutum ya taka da ƙafarsa ya shiga gidan maƙwabcinsa ya ce ina kwana. Na ce a raina, Allah ka raba ni da mutuwa a unguwar nan, sai wari ya sanar da su.

Mutum ɗaya na cire daga cikinsu, maƙwabciyarmu ta hannun dama. Gajeriyar tsohuwa ce sa'ata, gashinta fari ta kitse shi jela ɗaya, sunanta Rosa. Shingen waya ne tsakaninmu. Ta shuka masara da wake da barkono a jar ƙasar bayan gidanta, ni na shuka kuɓewa da yakuwa. Ranar da na fara ganin yadda take tara ƙasa a gindin masara na san wannan ba a kanti ta koyi masara ba. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, Turancinta kuma bai fi nawa da nisa ba. Amma in na miƙa mata kuɓewa ta saman waya sai ta miƙo mini wata gurasar masara mai faɗi da take gasawa a kasko. Na taɓa ba ta tuwon masara, ta ci da cokali, na kama hannunta na gyara mata. Haka muka yi damina guda, ban san ko daga wace ƙasa take ba. Ni duk 'yan Meksiko nake ce musu.

To, wata Asabar da hantsi, lokacin da ganye ya fara yin ja yana zuba, na leƙa taga na ga motoci sun cika gaban gidanta har kan ciyawa. An jera kujerun roba a tsakar gida. Mutane na shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rungume ta, suna magana ƙasa-ƙasa. An fito da tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, aka ɗora babban hoton wani saurayi, da furanni, da kyandir a kunne da rana tsaka. Rosa na tsaye tana share ido da gefen zaninta na girki. Ku gaya mini, ku masu ilimi, wane ɗan Tasawa ne zai ga wannan bai yi salati ba? Na ce inna lillahi, ɗan Rosa ya rasu, kuma muna kwance bango ɗaya ba mu sani ba. Kunya ta kama ni kamar an tuɓe mini ɗankwali a kasuwa.

A wurinmu gidan mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke ciyar da su. Na ɗora babbar tukunyar suna, na turara dambu da zogalen da na zo da shi busasshe, wanda nake ɓoyo kamar zinariya, na juye duka. Na goya Zainabu, na yafa baƙin mayafi, na ɗora roba a ka, na zagaya ta ƙofar gaba. Na cire takalmi a bakin ciyawa. Kujera ban kalle ta ba, mai ta'aziyya ba ya neman kujera. Na shimfiɗa ɗankwalina a ƙasa kusa da ƙafar Rosa na zauna, na kama hannunta.

"Sannu, Rosa. Sannu. Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana."

Ta dube ni, ta dubi hoton, sai ta fashe da kuka sosai ta rungume ni har da jaririyar. Na ce lallai mutuwar ta dake ta ƙwarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sauran jama'ar. Wani dogon Bature mai furfura da ya ɗaure gashinsa a ƙeya kamar mace ya miƙe ya yi magana yana nuna ni, na ji yana cewa Afirka, Afirka, sai duk suka hau tafi. Tafi a gidan mutuwa! Na harare su ɗaya bayan ɗaya har hannayensu suka sauka. Ya yi mini alama in yi magana. Na ɗaga hannu na yi addu'a mai tsawo, na roƙa wa uwar haƙuri, na roƙa wa unguwa shiriya, su riƙa gaida maƙwabta. Suka sake tafi. Suka cinye dambun tas, wata yarinya 'yar jami'a har da kankare gindin roba. Na ce a raina, ko ba su da tarbiyya, suna da baki.

Lahadi na kai kunu da ƙosai, na tarar da mutum huɗu suna zane a kwalaye da fenti. Na ce al'adarsu ce, na zauna zamana. Ban gaya wa ubanku komai ba sai Litinin, rana ta uku, da uwarku ke hutu. Na tsare su a kan karin kumallo.

"Ku dai ba ku da kirki. An yi rasuwa bango ɗaya da ku, yau kwana uku, ba wanda ya taka."

"Inna, wa ya rasu?" in ji ubanku.

"Ɗan Rosa. Kai je ka aikinka, ka shiga da yamma. Ke Hadiza, ɗauko mayafinki."

Muka tarar da Rosa da 'yarta Elena, wadda ke aiki a ɗakin shan magani kuma Turanci ya zauna a bakinta. Uwarku ta durƙusa ta yi gaisuwa da Turanci, ta tambayi yaushe aka yi jana'iza. Elena ta ce wani abu. Na ga uwarku ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na zungure ta.

"Ke, kuka kike ko me?"

"Inna," ta ce, hawaye na zubo mata, "ya fi shekara ashirin da rasuwa. Ba zaman makoki ba ne, reniyo suke yi, taron shirya zanga-zanga. Kuma wai sun rubuta ki a takardarsu, ke ce wakiliyar Afirka."

Elena ta juya wa uwarta maganar, Rosa ta riƙe ciki ta zame daga kujera zuwa ƙasa. Ni ban yi dariya nan take ba, na tsaya ina tuna zogalena. Daga baya ta kufce mini, muka yi ta yi mu huɗu har Zainabu ta farka ta shiga da nata kukan. Wannan shi ne iyakar abin da kuka sani. Yanzu ku saurari saura.

Da muka natsu na ce a tambayar mini ita, wane ne yaron, me ya kashe shi. Magana ta riƙa tafiya kamar guga a hannun mutum uku: ni in gaya wa Hadiza, ita ta gaya wa Elena, Elena ta gaya wa uwarta, amsa ta biyo hanyar ta dawo. A nan na fara jin sunan Nikaraguwa. Yaron sunansa Migel, ɗanta na fari. Shekararsa goma sha tara yana hawa duwatsu yana koya wa tsofaffi irina karatu a gonakin kofi. Lokacin ana yaƙi, kuma masu yaƙar gwamnatinsu daga waje ake ba su bindiga da kuɗi, daga wannan ƙasar da muke zaune. Suka tare motar da yake ciki a hanya. An binne shi da gaggawa tun kafin rana ta yi zafi, mutane suka watse don tsoro, ba wanda ya zauna da ita ko yini ɗaya. Na ce a tambaye ta, to me ya kawo ta ƙasar waɗanda suka ba da bindigar? Ta ɗaga kafaɗa ta ce yaƙi ya ci rabin gona, ambaliya ta kwashe saura, sai ta biyo 'yarta inda ake shan kofin. Reniyon kuwa, mutanen Nikaraguwa za su yi zaɓe, manyan ƙasar nan suna ta aika musu gargaɗi, kada ku zaɓi wane, in kun zaɓe shi za ku gani. Shi ne ita da 'yan coci da ɗalibai za su tsaya a tsakiyar gari ranar Asabar su ce a ƙyale su su zaɓi wanda suke so.

Sai ta ce wani abu, ya biyo hanya ya iso gare ni ta bakin uwarku, wadda ta daina dariya.

"Ta ce, Inna, mutane da yawa sun ɗaga hoton ɗanta a sanda. Ke kaɗai kika zauna mata a ƙasa."

Akwai abin da ko ubanku bai sani ba sai a shekarar. Ina 'yar budurwa Faransawa suka kawo zaɓen eh ko a'a, mu zauna ƙarƙashinsu ko mu fita. Babana baduku ne, ya faɗa a kasuwa da bakinsa cewa shi a'a zai jefa. Kumandan, Baturen da ke mulkin garinmu, ya riga ya aiko cewa duk mai hankali ya san abin da zai jefa. Bayan zaɓe gardawa, 'yan sandan kumandan, suka fara zarya a ƙofar gidanmu, har ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya ƙetare zuwa ƙasar Daura. Bai dawo ba. Wani farke ne ya kawo labarin rasuwarsa. Uwata ta shimfiɗa tabarmi a zaure da tsakar gida, muka zauna, ba wanda ya shigo. Dangi suna wucewa ta bayan gida. Mutum ɗaya ta shigo, wata tsohuwa mai fura da ba mu haɗa komai da ita ba, ana ce mata Iya Tabawa. Ta ratsa kasuwa da ƙwarya a ka da rana tsaka, a gaban gardi, ta zauna da uwata kwana uku. Har uwata ta mutu ba ta taɓa yin sallah ba tare da ta sa sunanta a addu'a ba. Don haka da Rosa ta gama, na ce wa uwarku ta gaya mata, a wurinmu ta'aziyya ba ta tsufa, ko bayan shekara nawa ka haɗu da mai mutuwa sai ka yi masa. Kuma wadda aka yi wa ta'aziyya ba a barinta ta fita ita kaɗai. Ranar Asabar tare za mu.

Ubanku da ya ji ya ajiye cokali. Saura mako biyu da 'yan kwanaki ya tafi Charlotte intabiyun zama ɗan ƙasa, abin da ya yi shekaru yana jira. Kuma sai ya samu sannan zai iya nema mini takardar zama. In ya faɗi, ni ce zan koma Tasawa in bar ku. A shekarun nan kuwa, bayan da aka kai hari da jiragen sama a kan dogayen benayen ƙasar nan, Musulmi ko tari zai yi sai ya waiwaya.

"Inna, ki rufa mini asiri. Mace da mayafi a tsakiyar gari da kwali a hannu? Gobe hotonki na jarida. Mu ina ruwanmu da Nikaraguwa? Ko a taswira ba ki san inda take ba."

"Na san inda take. Tana bayan wayar nan, kusa da kuɓewata."

"Ba wasa nake ba, Inna. In suka hana ni, ke za su fara kora."

"Na sani. Kai wannan, katunan da kake haddacewa kullum kamar mai tilawa, Hadiza ta ce akwai wanda ya ce mutane na da ikon taruwa su faɗi ra'ayinsu. Akwai ko babu?"

"Akwai. Amma wannan a takarda ne."

"To ƙarya za ka je ka rantse a kai?"

Ya juya ya harari uwarku, ita kuma ta sunkuya tana gyara wa Zainabu rigar da ba ta karkace ba. Ya turo mini Alhaji Mamman, dattijon 'yan Nijar na garin, ya zo da carbi da lallashi, ya ce Hajiya a yi haƙuri, baƙo ba ya shiga rigimar gari. Na ba shi shayi, na ba shi labarin Iya Tabawa. Ya daɗe yana kallon kofin, ya ce shi ma kawunsa a Kano ya mutu a kan wannan zaɓen. Ya tashi ya tafi. Kada ku zaci ban ji tsoro ba. Duk sanda na goya Zainabu na ji ɗumin cikinta a bayana sai in ce, yanzu wannan zan bari saboda yaron da ban taɓa gani ba? Sai in tuna tabarmin nan na zaurenmu, shimfiɗe, ba kowa.

Ranar Asabar na shirya kamar mai tafiya yaƙi, don zanga-zangar da na sani ita ce ta gida. Na sa takalmin roba mai saurin gudu. Na jiƙa tsumma na ƙulle da albasa saboda hayaƙi mai sa hawaye. Na nuna wa uwarku inda likkafanina yake a akwati, na yafe mata duk abin da ta yi mini, har da miyar da ta taɓa sa wa sukari. Ubanku ya fita tun da safe. Elena ta ɗauke mu.

Muka isa, na duba gabas na duba yamma, na ce ina jama'ar? Ba su kai 'yan rakiyar amarya ba. Tsofaffin matan coci da hulunan rana, wani fasto baƙar fata mai murya kamar ganga, ɗalibai, da dogon Baturen nan mai ɗaurin gashi da ya zo ya rusuna mini, ga alama wani ya koya masa. Ɗan sanda ɗaya ne, yana jingine da motarsa yana shan kofi. Da za mu tsallaka titi shi ya tsayar mana da motoci, ya ce mini wani abu yana murmushi, ni kuwa hannuna na kan albasata. Aka miƙo mini kwali, na ce ba na ɗaukar rubutun da ban san me ya ce ba. Na kama gefe ɗaya na hoton Migel, Rosa ta kama ɗaya. Muka tsaya. Motoci na wucewa, wasu su danna oda su ɗaga babban yatsa, wani ya leƙo ya yi mana ihu, na mayar masa da Hausa, Elena ta ce ba sai an fassara ba. Fasto ya kira sunan yaron da ƙarfi, jama'a suka amsa da kalma ɗaya ta yarensu, wai ma'anarta yana nan. Na ji hoton na rawa daga gefen Rosa, sai na ƙara riƙe nawa gefen. Ina nan tsaye na ga wata tasi ruwan ɗorawa ta wuce a hankali. Ta zagayo ta sake wucewa. Sau huɗu na ƙirga. Na san motar kowa, balle ta ubanku.

Hoton ya fito a jarida, can ciki, ƙarami. Rabin fuskata ne da mayafi da hannuna. A masallaci aka yi ta zagayawa da shi, matan 'yan Nijar suka raɗa mini Hajiya Nikaraguwa, har yau wasu ba su san ina da wani sunan ba. Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba, ubanku ya daina shigowa ɗakina da safe. Tun yana yaro bai taɓa fita bai durƙusa gabana ba. Sai ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa ya ce "Inna, ina kwana," ya wuce kafin in amsa. Kwana goma sha ɗaya. Na ƙirga su ɗaya-ɗaya, kuma ban kira shi ba, don yana da gaskiyarsa, nauyin gida a kansa yake. Na dai haɗa kayana a akwati a ɓoye, in ta ɓaci kada in tsaya nema.

Ranar intabiyu na zauna a taga tun azahar. Da la'asar motarsa ta tsaya. Ya fito da kwat ɗinsa, fuskarsa ba ta ce komai ba. Maimakon ya shigo, sai na ga ya bi ta ƙofar Rosa. Tana tsakar gida tana ɓare wake. Ya cire takalmi a bakin ciyawa, da safa da kwat da komai, ya durƙusa a gabanta har ƙasa. Na ɗaga tagar don in ji. Da Hausa ya yi mata.

"Mama, ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana."

Ta ɗora masa hannu a ka, da ɓawon wake a yatsunta. Sannan ya shigo ɗakina ya durƙusa inda ya saba.

"An dace, Inna."

"Alhamdu lillahi. Me suka ce game da ni?"

"Ba su ce komai ba. Launin tuta suka tambaye ni, da sunan shugaban farko."

"Ko sunana ba su ambata ba?"

"Ko kaɗan."

"Marasa tarbiyya," na ce. "Wakiliyar Afirka guda."

Mutanen Nikaraguwa sun yi zaɓensu. Ko sun zaɓi na kirki ko na banza, ni ban sani ba, Rosa da kanta daga baya in an ambaci mutumin sai ta yi tsaki ta tofar. Ban tsaya a titi don wani ɗan siyasa ba. Na tsaya don tuwonsu ne, su za su tuƙa, in ya yi gudaji su za su ci. Rosa ta rasu shekaru bayan haka a gidan Elena da ke McLeansville. Na tafi da dambu, na zauna kwana uku a ƙasa, wannan karon ba kuskure. Ubanku ne ya riƙa kai ni kullum, ya kashe mitar tasinsa ya zauna tare da maza. Hoton Migel da kuke gani a ɗakina kuna tambaya ko ɗan'uwanmu ne, Elena ce ta ba ni. In na mutu kada wanda ya jefar da shi. Kuma duk unguwar da kuka zauna, in kun ga an jera kujeru a ƙofar maƙwabci, ku ɗora tukunya tukuna, ku yi tambaya daga baya.